Dalar Kakata da Dalar Aljihunku

Ɗan ƙanena, wanda ke koyarwa a wata makarantar firamare kan hanyar Kance, ya zo gaishe ni bayan la'asar, muka zauna a zaure. Da muka gama gaisawa sai ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton sulalla biyu, ɗaya rawaya ɗaya fari, ya ce, "Baba, na fara tara ɗan abin da zan ci ranar da ƙarfi ya ƙare. Wanne zan saya, zinariya ko azurfa?" Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Yaron da bai cika shekara talatin ba yana tunanin tsufansa, wannan abin a gode wa Allah ne. Yawancinmu a nan Matameye manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, babu fanshon gwamnati ko na CNSS da ke jiranmu, kuma wanda ma yake da shi ya san iya inda yake kai shi a wata. Amsar da na ba shi ita ce zan shimfiɗa muku, 'ya'yana maza da mata, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Kafin in ce masa komai na shiga ɗaki na ɗauko dalar kakata na sa masa a tafin hannu. Tsohon sulen Faransa ne na faran biyar, nauyinsa giram 25, kashi tara cikin goma azurfa, an huda shi an sa masa zare don ratayawa. Ita ce asalin dalar da kuke lissafi da ita yau in kun ce dala goma, dala ashirin. Dalar aljihunku ba ta sayen ko gutsuren rake a tasha. Azurfar da ke cikin ta kakata kuwa ta haura jika goma, wato dala dubu biyu irin taku. Suna ɗaya ne, a farko ma abu ɗaya ne, ɗaya ta tsaya a ƙarfe ɗaya ta bi hukuncin gwamnatoci.

Ba yau ƙasar nan ta fara ganin kuɗi ya narke a hannun mai shi ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda, kamar ta Mariya Tareza sarauniyar Ostiriya, wadda duk aka buga bayan rasuwarta tana ɗauke da shekarar 1780. A daidai wannan zamani 'yan kasuwar Jamus suka riƙa loda wa jiragen ruwa wuri daga gaɓar Zanzibar suna juyewa a Legas. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta zubewa, har ya zama kaya mai nauyi maras amfani. Wanda ya cika rumbu da shi ya tashi da tarin ɓawo, wadda ta riƙe dalarta ta kai wa maƙerin fari ya ƙera mata mundaye ta tsira da abinta.

Mu ma mun gani da idonmu. A watan Afrilun 1984 Najeriya ta sauya launin naira ta rufe iyaka, aka ba da kwanaki kaɗan na canji, mutanenmu da yawa da ke ciniki da Daura da Mai'aduwa suka wayi gari da takardun da ba sa sayen komai, ga fari ya biyo baya a shekarar da ake kira El-Buhari. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Ina aikin koyarwa a lokacin, ga albashi na makara wata da watanni, ga magani da taki da kayan gyaran babur sun tashi. Mai zinariya a ranar nan bai yi asarar komai ba, don farashinta da sefa ya ninka. Ku kuma kun ga naku: dalar Amurka da ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba a farkon 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumi ya rufe iyakar Ɗan Barto, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira daga kuɗinsa. Saboda haka wanda ya ce yana son wani ɓangare na ajiyarsa ya kasance abin da sa hannun wani a Dakar ko Abuja ba zai rage shi ba, ni ba zan ce masa ya yi wauta ba.

To, wanne? Zuciyata tana wajen azurfa. Ita ce ta iyayenmu mata, ita ce zoben da shari'a ta yarda namiji ya sa, ita Buzaye maƙera ke sarrafawa tun kaka da kakanni. Kuma tana da araha, mai ƙaramin albashi yana iya sayen giram ashirin a wata ba tare da gidansa ya kwana da yunwa ba. Duk da haka na ce wa ɗan ƙanena, in ajiyar tsufa yake nufi, ya fifita zinariya.

Na tambaye shi, ranar da ya kai shekara saba'in, ciwo ya kama shi ana buƙatar kuɗin asibiti a Damagaram kafin gobe, wa zai kai wa abin da ya tara? Wannan tambaya ta fi ta farashi muhimmanci, kuma hoton waya ba ya amsa ta. Zinariya tana da mai saye ko'ina. Ka shiga kasuwar Dole, ka je Maraɗi, ka tsallaka Kano, za ka tarar da mai sikeli da dutsen gwaji yana jiranka, ya san farashin duniya na wannan rana, kai ma kana iya dubawa a wayarka kafin ka shiga rumfarsa. In bai yi maka daidai ba ka matsa rumfa ta gaba. Azurfa fa? Mai sayenta a wajenmu galibi maƙeri ne, kuma yana saye gwargwadon aikin da ke gabansa. Zai karɓi giram ɗari biyu da murna. Ka kawo masa kilo biyar, sai dai ya taya maka tayin wulaƙanci ko ya ce ka dawo bayan Sallah. Tsohon da ke da mara lafiya a kwance ba ya iya jiran bayan Sallah.

Na ce kilo biyar da gangan. A 'yan shekarun nan farashin zinariya ya sha ninka na azurfa sau tamanin, a Maris na 2020 ma ya wuce sau 120. In muka ɗauki tamanin, giram 100 na zinariya, wanda zai shige akwatin ashana har da sauran wuri, daidai yake da kilo takwas na azurfa, nauyin tiya uku na gero. Wanda ke haya, ko ma'aikacin da ake yi wa sauyin wurin aiki, ko matar da ke zaune a gidan yawa, kowa ya san bambancin ɓoye akwatin ashana da ɓoye tiya uku.

Sai kuma halinta. Azurfa ƙarfe ne mai saurin fushi. Wajen rabin wadda ake buƙata a duniya masana'antu ke cinyewa, a farantan sola irin waɗanda ke jan ruwa a garake, da wayoyi da kayan lantarki. In masana'antu sun yi sanyi, ta faɗi. Kasuwarta kuma ƙarama ce, masu kuɗi kaɗan na iya girgiza ta. A 1979 da 1980 wasu attajiran Amurka 'yan gida ɗaya, 'ya'yan Hunt, suka yi ta sayenta suna tarawa har oza ɗaya, wato giram 31.1, ta kai kusan dalar Amurka 50 a Janairun 1980. Kafin ƙarshen Maris ta dawo kusan 11. Ta sake taɓa wajen 49 a Afrilun 2011, zuwa ƙarshen 2015 ta sauko ƙasa da 14. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 sai a 2025 ya ga an wuce farashin da ya biya, shekara arba'in da biyar. Saurayi ɗan kasuwa mai ido a kan farashi yana iya cin riba a irin wannan hawa da sauka. Tsoho ba ya zaɓar ranar da zai sayar, buƙata ce ke zaɓa masa.

Abin da ya raba zinariya da azurfa ya samo asali tun da daɗewa. Dokar Faransa ta 1803 ta tsayar da zinariya ɗaya a kan azurfa goma sha biyar da rabi, duka biyun kuɗi ne. Daga shekarun 1870 Jamus da Amurka da sauran manyan ƙasashe suka ajiye azurfa suka riƙe zinariya, daga nan ta koma haja kamar jan ƙarfe. Zinariya kuwa, ko bayan da shugaba Nixon ya raba ta da dalar Amurka a Agustan 1971, lokacin da oza ke dala 35 a hukumance, manyan bankunan ƙasashe ba su daina ajiye ta ba. A 2022 da 2023 da 2024 sun sayi fiye da tan 1,000 kowace shekara. Abin da gwamnatoci ke ɓoyewa don ranar tsiya ya fi wuyar rasa mai saye.

Akwai wani bambanci da malamanmu suka sani amma masu tallar sulalla ba sa faɗa, shi ne na zakka. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85. Na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗannan biyun kusan dukiya ɗaya ce. Amma giram 595 na azurfa, a lissafin tamanin ɗin nan, bai kai giram takwas na zinariya ba. Ke nan mai tara azurfa yana isa nisabi da dukiyar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta mai tara zinariya ba. Ba ina faɗar haka don wani ya guje wa zakka ba ne, Allah ya kiyaye, haƙƙin talaka ce kuma tsarkin dukiya. Ina faɗa ne don ku shiga da sani, ku san ranar da ta hau kanku. A mazhabarmu ta Malikiyya ana haɗa zinariya da azurfa wajen cika nisabi, kuma kayan adon da mace ke sawa hukuncinsu daban da wanda aka saya don ajiya. Ku zauna da malami ya yi muku lissafin.

Kada wani ya ji wannan ya je ya sayar da gonar gado ya sayi zinariya. Ita ma tana da nata baƙaƙen kwanaki. Wanda ya saya a Janairun 1980 a kan dala 850 ya ga ta sauko wajen 250 a 1999, bai sake ganin 850 ba sai Janairun 2008. Daga wajen 1,900 a 2011 ta faɗo kusan 1,050 a ƙarshen 2015. Gaskiya ne ta wuce 2,000 a 2020, ta wuce 3,000 a Maris na 2025, ta wuce 4,000 a Oktoban 2025, kuma irin wannan labari ne ke sa jinin samari tafasa. Amma lokacin da kowa ke maganar abu a majalisa shi ne lokacin da ya fi tsada. Wanda ya juye duk abin da ya mallaka a rana ɗaya ya ɗaura tsufansa a kan farashin wannan rana. Wanda ke sayen giram biyu bayan an sayar da gyaɗa, giram uku bayan an sayar da ragunan layya, shekara bayan shekara, tsada da araha za su haɗu su daidaita masa.

Babban aibin zinariya kuma shi ne ba ta haihuwa. Akuya na haihuwa, garkar rake na ba ka abin kai wa kasuwa duk shekara, ɗakin haya na kawo na cefane, keken ɗinki na ciyar da gida. Giram ɗari da ka binne yau giram ɗari za ka tono. Ku yi wannan lissafi da ni: mai giram 200, in yana fitar da zakkar ɗaya cikin arba'in daga jikinta kowace shekara, bayan shekara ashirin saura masa kimanin giram 120. Shi ya sa aka ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Addininmu ba ya son dukiya mai barci. Amfanin zinariya a wani wuri yake: ba ta cin dusa, fari irin na 1973 da 1984 ba ya kashe ta, gara ba ta cin ta, ba a rigimar iyaka a kanta kamar gona. Ita ce ta bayan rumbu, wadda ake taɓawa in damina ta ƙi, dabba ta faɗi, takarda ta mutu. Ni a ganina, sai mutum ya biya bashinsa, ya tanadi abincin shekara, yana da sana'a ko kiwo mai juyawa da ɗan tsabar kuɗi na gaggawa, sannan ya sa kashi ɗaya cikin goma na abin da yake tarawa a cikinta, in ya yi yawa ɗaya cikin biyar. Mai sha'awar azurfa ya riƙe kaɗan, gwargwadon abin da maƙerin garinsu zai iya saye a zama ɗaya.

Saura siffar da za a saya, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sayi sarƙa da 'yan kunne a wata babbar kasuwa, da niyyar uwargida ta yi ado kuma su zama ajiya. An buga musu lamba 21. Da buƙata ta taso muka kai sayarwa, mai saye ya cire duwatsun ado ya ajiye gefe, ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce wannan 18 ce. Muka je wajen na biyu ya faɗi haka. Kuɗin ƙira ya tafi, nauyin duwatsu ya tafi, bambancin karat ya tafi, na dawo gida da abin da bai kai kashi biyu cikin uku na lissafina ba, ga mara lafiya na jira. Har yau in na tuna raina na ɓaci, domin takardar ciniki ma ban karɓa ba.

Ku san lambobin nan kamar yadda kuka san sunayenku. Karat 24 ita ce tsantsa, ana rubuta mata 999. Karat 22 ita ce 916, karat 21 ita ce 875, karat 18 kuma 750, wato kashi ɗaya cikin huɗu wani ƙarfe ne. Fa'idar sulen ajiya a kan kayan ado ita ce nauyinsa da tsarkinsa sanannu ne, kuɗin ƙirarsa kaɗan. Krugerrand na Afirka ta Kudu, da aka fara bugawa a 1967, yana ɗauke da oza guda cur. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne, karat 22. Sulen Faransa na faran 20 giram 6.45 ne. Alhazai kan tarar da sule mai giram 8 da ƙananan sanduna a shagunan Makka da Jidda, 'yan kasuwarmu kuma na ganinsu a Dubai. Sai dai ku lura, mai saye a Damagaram ba sunan sule yake biya ba, sikeli da gwaji yake biya. Kada ku ƙara ko dala don an ce sule tsoho ne ko ba a samun irinsa. Kuma ƙanana sun fi babba. Mai oza guda a dunƙule, in yana neman kuɗin buhun gero biyu, dole ya sayar da ita duka. Mai giram biyar-biyar ɗaya zai cira.

Kafin ku biya, ku tambayi mai shago nawa zai saya in kun dawo masa da ita gobe. Ratar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asarar da kuka yi tun kafin ku fita daga rumfa, kuma a azurfa ta fi faɗi. A auna a gabanku, a gwada a gabanku, ku kai wa wani dabam ya sake gwadawa, a rubuta muku nauyi da karat da kwanan wata. Maganaɗisu ba ya kama zinariya ko azurfa, amma rashin kamawar ba hujja ba ce, domin akwai ƙarfen da ake kira tangistan mai nauyi kusan daidai da na zinariya, ana lulluɓe shi da ita. Garin zinariya da ake kawowa daga wajen haƙa, tun da aka gano ta Jado a 2014, sana'ar masu ita ce, wanda bai san ta ba ya bar musu. Duk wanda ya tare ka a tasha da abu a ƙulle a tsumma yana cewa matsuwa ce ta sa zai ba ka rabin kuɗi, ka yi masa sallama ka wuce. Haka masu cewa ka tura kuɗi ta waya su ajiye maka zinariya a wata ƙasa, har su riƙa ba ka riba duk wata. Zinariya ba ta haihuwa, to ribar daga ina? Daga aljihun wanda zai shigo bayanka, kamar yadda MMM ta yi wa mutanen Najeriya a 2016. Shari'a ta riga ta yi mana katanga a nan: cinikin zinariya da azurfa hannu da hannu ne a zama ɗaya, ba bashi ba jinkiri.

In ta zo hannu, baki ya yi shiru. Ba a nuna ta a majalisa, ba a ɗaukar hotonta, ba a tara ta wuri ɗaya. Mai tsallaka iyaka da ita ya fara sanin dokar kwastan ta ƙasashen biyu. Ku 'yan mata da ke zuba adashi ko kuke cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, in kwasa ta zo kuka sayi giram biyu, dukiyarku ce ta kanku, shari'a ba ta ba miji ko wa ikon taɓa ta sai da yardarku.

Amma shirun yana da iyaka. A rubuta abin da aka mallaka da inda yake, a ba mutum biyu amintattu, ɗaya cikin iyali ɗaya a waje, a riƙa sabunta takardar in an ƙara ko an rage, domin ajali ba ya sallama kuma mantuwa na zuwa da tsufa. Mahaifiyata ta sha faɗa mana cewa dalar kakata bakwai ce, ta gan su da idonta a cikin wani ɗan tulu. Kakata ta kwanta ciwo na kwana uku, bakinta ya rufe tun daren farko. Wadda ke wuyanta ita ce na sa wa ɗan ƙanena a hannu. An tona ƙarƙashin gado, an tona gindin rumbu, an fasa daɓen ɗakin, ba a ga tulun ba. Gidan ya rushe tun ina yaro, yau gero ake shukawa a wurin.